Yadda ake gina Lancaster mai faɗin mita uku, ya tashi kuma ya dawo lafiya

Jirgina na rimot na farko mai inji fiye da ɗaya daƙiƙa goma sha ɗaya ya yi a sama. Ƙaramin kwafin B-25 ne, jirgin bama-bamai na Amurka mai inji biyu, na shafe wata takwas ina gina shi. Yana barin ƙasa injin hagu ya mutu, na dama na ta ruri, sai jirgin ya mirgina ta hagu ya kafa hanci a ƙasa. Ina tsugune ina kwasar tarkace, wani dattijo da ya daɗe a harkar ya biyo ni, ya ɗauki wutsiyar ya jinjina ta a tafin hannunsa. Ya ce, "Ɗana, ko injin nan bai mutu ba, da wuya jirgin nan ya dawo maka. Wutsiyarka ta yi nauyi." Na ce, "Baba, ai yadda zane ya nuna na bi." Ya ce, "Zane bai ce ka zuba fenti hawa huɗu ba."

Yau ina da kwafin Lancaster, jirgin bama-bamai na Ingila mai inji huɗu, mai faɗin mita 3.1 da nauyin kilo 15, ya tashi fiye da sau sittin. Kusan duk abin da zan faɗa maka a nan daga waccan maganar ya samo tushe: babban jirgin bama-bamai na rimot, nauyi ne ke kashe shi, musamman nauyin baya, kuma tun a kan teburin gini ake yanke masa hukunci, ba a fili ba.

Abu ɗaya kafin mu shiga. In ba ka taɓa tuƙa jirgin rimot ba, ajiye wannan bayani sai baɗi. Fara da jirgin koyo mai fiffike a sama da inji ɗaya. In hannunka ya faɗa, ka koma mai fiffike a ƙasa wanda ke da ƙaramar taya a wutsiya, sannan wani mai inji biyu na soso mara tsada. Sai ka iya sauka sau ashirin a jere, iska na bugowa ta gefe, ba tare da ka karya farfela ba.

Zaɓen jirgi

Manyan jiragen Yaƙin Duniya na Biyu da magina suka fi so huɗu ne: Lancaster na Ingila, sai B-17 da B-24 da B-29 na Amurka. Kada kyan hoto ya ja ka, dubi fiffike. Na B-24 dogo ne siriri, mita 33.5 a jirgin gaske. In aka rage shi ya zama ɗan ƙarami, ba ya yafe kuskure, da ka rage gudu sai ya saki iska ya faɗi ta gefe guda. B-29 kuma faɗinsa mita 43 ne, ko an rage shi girmansa ya fi ƙarfin yawancin motoci da ɗakunan aiki. B-17 da Lancaster fukafukansu na da faɗi da kauri, suna tafiya a hankali ba tare da sun tsorata mai su ba. Na zaɓi Lancaster saboda gefen jikinsa kusan a miƙe yake, ya fi sauƙin lulluɓewa da katako a kan jikin B-17 mai zagaye.

Bayan ka zaɓi iri, ka zaɓi jirgi guda ɗaya tak, mai lambarsa. Roy Chadwick ne ya zana Lancaster a kamfanin Avro, ya fara tashi ranar 9 ga Janairu 1941, kuma an ƙera guda 7,377. Ba duka suke iri ɗaya ba. Waɗanda runduna ta 617 ta sojan saman Ingila ta kai wa madatsun ruwan Jamus hari da su a daren 16 ga Mayu 1943 an cire musu kejin bindiga na saman baya da ƙofofin rumbun bam, don bam ɗin injiniya Barnes Wallis mai tsalle a kan ruwa ya samu wurin zama. In ka haɗa jikin wannan da lambar wancan, wanda ya san jirgin zai gane da kallo ɗaya. Mafi sauƙi shi ne ka ɗauki wanda har yanzu yana nan, ka samu hotunansa ta kowace kusurwa. Akwai R5868 a gidan tarihin sojan saman Ingila da ke Hendon, wanda ya je farmaki sau 137. Akwai kuma guda biyu da suka rage suna tashi a duniya, PA474 a Coningsby ta Ingila da FM213 a Hamilton ta Kanada.

Girma da lissafinsa

Faɗin fiffiken Lancaster na gaske mita 31 ne, tsawon jikinsa mita 21 da ɗan ɗoriya. In ka raba komai goma, za ka samu faɗin mita 3.1 da tsawon mita 2.1. Wannan girman nake ba da shawara. Wanda bai kai haka ba iska na wasa da shi, ba ya yin tafiyar nan ta ƙasaita da ake so. Wanda ya fi haka kuma yana matsowa kusa da kilo 25, inda doka ke canzawa. A Ingila da Amurka jirgin da ya haura wannan nauyi sai an duba gininsa an amince kafin ya tashi. Ka binciki dokar ƙasarka kan rajista da tsawon da aka yarda a kai, tun kafin ka yanka katako na farko.

Ga lissafin da nake so ya zauna maka a kai. Shimfiɗar fiffiken jirgin gaske kimanin murabba'in mita 120 ce. Da yake tsawo da faɗi duka an raba su goma, naka zai samu murabba'in mita 1.2. In jirginka kilo 15 ne, kowane murabba'in mita na ɗauke da kilo 12.5, kuma jirgin zai daina riƙe iska a wajen gudun kilomita 50 a awa. In ka bari ya kai kilo 20, wannan gudun zai ƙaru da kusan kashi 15 cikin ɗari. Ke nan zai sauko da gudu, ya ci fili mai tsawo, ya bugi ƙafafunsa da ƙarfi, kuma a sama zai yi kama da jirgin tsere. Na gaske yana tafiyarsa ta yau da kullum da kimanin kilomita 330 a awa. Da za a bi rabon goma, naka kilomita 33 ya kamata ya yi, abin da ba zai yiwu ba. Iyakar abin da za ka iya shi ne ka matso kusa da hakan, kuma rashin nauyi ne kaɗai hanyar.

Saboda haka sikelin giram shi ne kayan aiki na farko, kafin zarto da wuƙa. Ni nakan rubuta kasafi a jikin bango: fiffike da injuna kilo 6, jiki da wutsiya kilo 4, ƙafafu kilo 1.5, batura kilo 2, fenti da ado da sauran tarkace kilo 1.5. Duk abin da na gama sai ya hau sikeli.

Fiffike da wutsiya

Sami zanen wanda aka riga aka gina aka kuma tashe shi. Jirgin farko ba wurin gwada zanen kanka ba ne. Teburin aiki ya zama a miƙe sosai, ka ɗora doguwar rula ta ƙarfe a kansa ka duba ko haske na wucewa ta ƙasa. Fiffiken da aka gina a kan karkataccen tebur karkatacce zai fito, kuma babu abin da rimot zai iya gyarawa.

Balsa, wato katako mara nauyi da ake gina irin waɗannan jirage da shi, ba nauyinsa ɗaya ba. Falle biyu masu girma ɗaya, ɗaya na iya ninka ɗaya. Auna kowane falle, ka rubuta nauyinsa a jiki da fensir. Masu nauyi su tafi tsakiyar fiffike da hanci. Marasa nauyi duka ka ajiye wa wutsiya.

Gina fiffike gida uku: tsakiya mai ɗauke da injunan ciki da ƙafafu, sai gefe biyu da ke zarewa a kan bututun kabon ko na alminiyam. Haƙarƙarin da ke riƙe bututun da wanda ƙafafu ke ɗaure a jikinsa, ka yi su da katako mai falle-falle irin na jiragen sama, ka manna da gam ɗin ifoksi mai bushewa a hankali. Sauran haƙarƙari balsa ya isa, ka kuma huda su don rage nauyi da wucewar wayoyi. Zura igiya ta cikin ramukan kafin ka rufe fiffiken, da ita za ka ja wayoyi daga baya.

Akwai wata ƴar murɗa da ba a gani da ido amma ita ce ran jirgin. Ana gina ƙarshen fiffike ta yadda bakinsa na baya ya ɗan ɗaga sama, kimanin digiri 2 a kan na tsakiya. Amfaninta shi ne in gudu ya ragu, tsakiyar fiffike ce ke fara sakin iska, ƙarshen na riƙe da ita, sai jirgin ya sunkuyar da hanci maimakon ya mirgina. Sa ƴan ƙananan katakai a ƙarƙashin bakin baya lokacin da kake lulluɓewa, kada ka ɗaga fiffiken daga tebur sai gam ya bushe. Auna gefe biyun. Su zo daidai da juna ya fi su cika digiri 2 cif muhimmanci.

Yanzu wutsiya. Daga inda nauyin jirgin ke daidaita zuwa ƙarshen wutsiya ya ninka daga nan zuwa hanci, kuma batura ba can bakin hanci suke zama ba. Duk giram ɗaya da ka ƙara a baya sai ka biya shi da biyu ko uku a gaba. Na taɓa yin kejin bindiga na baya mai kyau, da bindigoginsa huɗu da ɗan mutum a ciki, ya zo giram 120. Na cire shi na sake yi da roba mai laushi da aka gasa a kan ƙirar katako, bindigogin kuma da ƴan siraran bututun roba, ya dawo giram 35. Wannan kaɗai ya cece ni daga kusan rubu'in kilo na darma a hanci. Lancaster na da filafilai biyu a tsaye a gefunan wutsiya, kowanne da leɓensa na juyawa. Sa wa kowanne ɗan ƙaramin sarbo mai haƙoran ƙarfe, wato injin da ke motsa leɓen. Sarbon leɓen ɗagawa kuma ka matso da su gaba iya yiwuwa, ka tura da sandar kabon. Raba leɓen ɗagawa gida biyu, kowane ɓari da sarbonsa, don in ɗaya ya mutu ɗayan ya sauko da jirgin.

Injuna huɗu

A nan ra'ayina a fili yake: ka yi da lantarki. Na san ƙarar injunan mai huɗu suna amsa wa juna tana ratsa jiki, ita ce ta fi kusa da ƙarar injunan Merlin huɗun da ke jikin na gaske. Amma inji huɗu ƙofa huɗu ce ta mutuwar inji, kuma na waje in ya mutu a lokacin tashi, yana nesa da jiki, ɗan'uwansa na ɗaya gefen zai juya jirgin kafin yatsanka ya motsa.

Ƙarfin wat 180 ga kowane kilo ya wadatar. Ga kilo 15, wat 2,700 ke nan, kusan 700 a kowane inji. Farfelar jirgin gaske kusan mita 4 ce mai ganye uku, taka za ta zama wajen santimita 40. Nemi inji mai juyawa a hankali wanda zai iya ɗaukar babbar farfela.

Batir biyu na LiPo masu ɗaki shida, kowanne mai cin mAh 5,000, wato ma'aunin yawan cajin da yake ɗauka, suna ba ni minti takwas da ragowar sauka. Yadda za ka haɗa su shi ne abin da na fi so ka riƙe. Batir ɗaya ya ciyar da injunan ciki biyu, ɗayan ya ciyar da na waje biyu. Kada ka taɓa ba wa hagu nasa, dama nasa. In batir ɗaya ya gaza a haɗin da na faɗa, ƙarfi ya ragu da rabi amma jirgin na nan a miƙe. A ɗaya haɗin kuwa, gefe guda ne zai mutu gaba ɗaya.

Kowane inji na da na'urarsa mai daidaita wuta. In ka tsawaita wayar da ke tsakanin batir da na'urar, wuta na yin tsalle a cikinta har ta ƙona na'urar. Ko dai ka ajiye na'urorin kusa da batir ka tsawaita wayoyi ukun da ke zuwa inji, ko ka ƙara kafasita a bakin kowace na'ura. Ka kuma buɗe wa iska hanya ta shiga ta fita, don suna zafi.

Farfelun Lancaster na gaske duka gefe guda suke juyawa, shi ya sa yake fizgewa hagu a lokacin tashi, matuƙa kan fara tura totur ɗin injin waje na hagu don su riƙe shi. Kai kana da zaɓi. Juya na hagu biyu saɓanin na dama biyu, fizgar ta tafi. Na yi haka, kuma ba wanda ya taɓa lura jirgi na sama.

Risiba, wato na'urar da ke karɓar saƙon rimot a cikin jirgi, da sarbo kada su ci wuta daga baturan inji. Ba su nasu guda biyu ta hanyar akwati mai raba wuta. Nisanta eriya daga kabon da manyan wayoyi. Saita risiba ta yadda in saƙo ya yanke za ta kashe injuna, sannan ka gwada: ɗaure jirgi, kunna injuna kaɗan, kashe rimot, ka ga sun tsaya.

Fata da fenti

Bayan lulluɓi da balsa da gugar samfefa, shimfiɗa ƙyallen faiba mafi laushi, mai giram 25 a murabba'in mita, ka shafa ifoksi, ka kankare rarar da tsohon kati har ƙyallen ya daina sheƙi. Gam ɗin da ya taru ba ƙarfi yake ƙarawa ba, nauyi ne. Farin fenti na ƙasa kuma ka goge shi har kusan ya ƙare, aikinsa cike ramuka ne kawai.

Launin Lancaster kore mai duhu ne da ruwan ƙasa a sama, baƙi a ƙasa da mafi yawan gefe, saboda da dare yake fita. Dubi hotunan lokacin yaƙi da kyau, za ka ga hayaƙin injuna ya bar zane mai ruwan toka a saman fiffike, yawanci layi uku a kowane gefe ba huɗu ba, don hayaƙin bakin waje na injin ƙarshe ta ƙarƙashi yake bi. Fesa shi sama-sama. Baƙin fentin nan na ƙasan jirgi kuwa yana da haɗari gare ka: in hadari ya haɗo ko rana ta yi ƙasa, jirgin kan zama inuwa, ba ka gane ko zuwa yake ko tafiya. Kada ka yi nisa da shi a irin wannan haske.

Ranar da nake zaunar da ƴan mutane bakwai a cikin nawa, matuƙi da injiniya da mai duba hanya da mai rediyo da mai sakin bam da maharba biyu, na daɗe ban ci gaba da aiki ba. Rundunar jiragen bama-bamai ta Ingila ta rasa mutum 55,573 a yaƙin, mafi yawansu samari. A harin madatsun ruwa kaɗai, jirage 19 suka fita, takwas ba su dawo ba, mutum 53 suka mutu. A ƙarƙashin waɗannan fukafukai kuma akwai Hamburg a 1943 da Dresden a 1945, inda dubban fararen hula suka ƙone. In yaro ya tsaya kusa da jirgina yana tambaya, duka biyun nake gaya masa.

Daidaita nauyi

Haɗa jirgin cif kamar zai tashi, da batura a ciki. Zane zai nuna maka inda cibiyar nauyi take, yawanci tsakanin kashi 25 da 30 cikin ɗari na matsakaicin faɗin fiffike daga bakinsa na gaba. Tashin farko ka tsaya a iyakar gaba. Kilo 15 ba a ɗaga shi a kan yatsu. Yi masa ƙafafun katako biyu masu kai mai laushi, ko ka sa sikeli a ƙarƙashin kowace taya ka yi lissafi. Duba bambanci tsakanin ƙafafu a waje da a naɗe, don na Lancaster baya suke naɗewa, suna ɗan jan nauyi zuwa wutsiya. Matsar da batura gaba kafin ka yi tunanin darma. Sannan ka rataye shi ta hanci da wutsiya ka ga ko fiffike ɗaya na rinjaya.

Ranar tashi

Ranar 30 ga Oktoba 1935, jirgin gwaji na Boeing wanda daga baya ya zama B-17 ya faɗi jim kaɗan da tashi a filin Wright da ke Ohio, mutum biyu suka mutu. Jirgin lafiyarsa lau, an manta ne ba a cire makullin da ke riƙe leɓunan wutsiya ba. Bayan wannan haɗarin ne matuƙan gwaji suka rungumi takardar dubawa kafin tashi. Rubuta taka, ka manna ta a murfin akwatin rimot: kusoshin fiffike, kowace waya ta shige ta kulle, cajin batura huɗu, gwajin nisan rimot, da kuma inda kowane leɓe ke motsawa. Tsaya a bayan jirgi, tura sanda dama, leɓen fiffiken dama ya ɗaga sama. Faɗe shi da baki, abokinka na ji.

Zaɓi safiya mai iska kaɗan da ke fuskantar titin tashi. Yi yawo da shi a ƙasa sau biyu ko uku tukuna. In akwai wanda ya fi ka hannu, miƙa masa rimot ɗin a tashin farko, kai ka tsaya kusa da shi kana kallo.

Tura totur a hankali, ka ƙirga huɗu kafin ya kai ƙarshe. Riƙe wutsiya a ƙasa da farko, sannan ka sake ta ta ɗaga da kanta. Bar shi ya yi gudu a kan tayoyi biyu fiye da yadda zuciyarka ke so, kada ka fizge shi. Hau a miƙe, kada ka juya sai ya yi sama sosai. Bar ƙafafu a waje duk tashin farko. A juyi, haɗa leɓen wutsiya da na fiffike, dogon fiffike ba ya son juyawa da nasa kaɗai. Can sama, rage totur kaɗan-kaɗan ka ga inda yake fara sakin iska da gefen da yake faɗawa, sannan ka gwada falaf, wato leɓunan bayan fiffike da ake saukarwa don rage gudun sauka, ka ga ko hanci na ɗagawa. In inji ya mutu, rage totur duka nan take, sunkuyar da hanci, ka sauko da shi a miƙe ko da cikin ciyawa ne.

Wajen sauka, kada ka kashe injuna. Manyan farfelu huɗu in sun rage juyi birki ne, jirgin zai tsaya a iska ya faɗo. Zo daga nesa da kwatan totur, hanci a ɗan sunkuye, totur ne ke ƙara ko rage saukowa. Bari tayoyin gaba su taɓa ƙasa, sannan ka janye wuta, wutsiya ta sauka da kanta.

Tashin farko na nawa minti huɗu ne. Da ya tsaya na cire batura, na taɓa injunan ɗaya bayan ɗaya, na ciki na dama ya fi sauran zafi, daga baya na faɗaɗa masa mafitar iska. Na cire fukafukan na haska tocila cikin gidajen ƙafafu, na tarar kusa ɗaya ta kwance rabi. Na ɗaure ta da gam mai hana warwarewa, na rubuta a littafi. Sai a tashi na biyar na mayar da batura baya da santimita ɗaya, na kuma naɗe ƙafafun a sama karon farko.